Abin da Kunne Ya Kamo Daga Iska: Gaibu Ne Ko Shahada?

Daga cikin hujjojin da suka yawaita a bakin masu wa'azi a wannan zamani, akwai wadda da wuya a sami wanda bai taɓa jinta ba a ƙasar Hausa, ko dai a masallacin Juma'a, ko a wurin tafsirin watan azumi, ko kuwa a bakin malamin Islamiyya yana ƙoƙarin dasa rukunan imani a zukatan yara: cewa tun da mutum ya gaskata da sabis ɗin wayar da ke hannunsa alhali bai taɓa ganinsa ba, to, ba shi da uzurin musun mala'iku da aljannu don kawai idonsa bai kai gare su ba. Hujja ce mai saurin shiga, masu kawo ta kuma alheri suke nufi, amma na daɗe ina ganin akwai rauni a gindinta, raunin da yana iya komawa ya cuci abin da aka kawo ta domin karewa. Abin da ya ƙara zaunar da ni a kan wannan ra'ayi shi ne labarin waɗansu ma'abota fasaha a Turai da Amurka, waɗanda suka ɗauki jiyar da mutane waɗannan ɓoyayyun igiyoyi na lantarki da maganaɗisu a matsayin sana'arsu, har ya zama abin da ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa, ga shi kunne yana sauraronsa ƙarara.

Kafin mu je Turai, ya kamata mu fara da abin da muka sani a gida. Babban Mutum gari ne a ƙaramar hukumar Baure, cikin masarautar Daura, a bakin iyakar nan da Turawan Ingila da na Faransa suka shata suka kakkafa mata alamomi tsakanin 1906 da 1908. Daga nan hanya ta miƙe arewa zuwa Magarya, ta wuce Damagaram. Mutum da kayansa sai sun tsaya an duba su kafin su ƙetare, amma abin da ke tafiya a iska ba ya tsayawa kowa ya duba shi, shi ya sa mai rediyo a wannan yanki yakan murɗa kaɗan ya faɗa tashar Nijar, ya ƙara murɗawa ya dawo ta Nijeriya, wayarsa ma wani lokaci takan bar layin gida ta kama na maƙwabta ba tare da ya ɗaga ƙafa daga gonarsa ba. Tun ranar 13 ga Maris 1957 da sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan, sa'an nan Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, sararin wannan ƙasa bai ƙara zama fanko ba dare da rana. Muryoyin suna nan suna ratsa zaure da rumbu da jikin mai barci, ko an kunna akwati ko ba a kunna ba.

Duk wanda ya yi damina da ƙaramar rediyo a matsakaicin zango ya san wani abu kuma. Da la'asar sakaliya, sama tana nan garau, babu ko ƙyallin gajimare a gabas, sai a ji maganar mai karanta labarai tana yayyankewa da wata ƙara, ƙaras, ƙaras, jefi-jefi da farko, can kuma ta yawaita har ta nemi danne muryar. Dattijon da ya saba ba ya zargin batir, ba ya kai akwatin wurin mai gyara. Cewa zai yi a kwashe shanya, a shigar da awaki, hadari na tafe. Sau da yawa sai an jima sosai kafin iska ta juya, gabas ta yi baƙi. Abin da ya ji walƙiya ce da ake yi a wata ƙasa mai nisa wadda idonsa bai hango ba, domin kowace walƙiya tana watsa igiyoyi masu gudu irin na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, alhali rugugin aradu kimanin mita 340 yake ci a daƙiƙa, kuma yakan mutu a hanya tun bai yi nisa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan wuri ji ne ya riga gani isowa da tazara mai yawa.

Misali na biyu ya fi wannan kusa da mu, don a masallaci yake faruwa. Tsakanin magariba da lisha, malam yana zaune a kan buzu yana ba da karatu, makirfo a gabansa, sai lasifika ta ɗauki wata ƙara mai tsalle-tsalle, dit-dirit, dit-dirit, kowa ya ɗaga kai, ladan ya sunkuya ya ce, "Allah gafarta malam, kira ne ke shigo maka." Malam bai gama laluben aljihun rigarsa ba sai wayar ta fara kuka. Dalilin wannan sananne ne ga masu ilmin abin: irin wayoyin da suka shigo Nijeriya a 2001 suna magana da ƙarfen sabis ne a guntu-guntu, kimanin sau 217 a daƙiƙa, kuma suna fara wannan musaya tun kafin su yi ƙara; wayar makirfo takan zama eriya ba da niyya ba, ta kwashi abin ta miƙa wa amfilifaya, ita kuma ta fito da shi ta bakin lasifika. Jama'ar masallacin nan sun saurari zancen da na'ura take yi da na'ura, sun ɗauke shi damuwa ce kawai da ta katse karatu.

To, wannan da muke kira damuwa, shi ne waɗansu suka tsaya suka ba shi kunne da gangan. Asalin ilmin ya faro ne daga Michael Faraday, wanda ya nuna a 1831 cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta takan motsa a cikinta ko da babu abin da ya taɓa ta. James Clerk Maxwell ya fitar da lissafin igiyoyin a 1865 tun babu wanda ya kama su, Heinrich Hertz kuma ya tabbatar da su a ɗakin gwajinsa a Jamus a 1887 da 1888. Amma mai saurare na farko da aka sani ya riga Hertz: Thomas Watson, mataimakin Bell wanda ya ƙago tarho, yakan zauna da dare a birnin Boston bayan an tashi aiki, ya kara abin ji a kunne, yana sauraron waɗansu ƙararraki da shewa da ke shigowa ta doguwar wayar da suka shimfiɗa a kan rufin gidaje, alhali babu mai magana a ɗaya ƙarshen, kuma a lokacin babu tashar rediyo ko ɗaya a bayan ƙasa. A Yaƙin Duniya na Farko wani Bajamushe, Heinrich Barkhausen, yana ƙoƙarin satar jin tarhon abokan gaba, ya riƙa jin wata shewa mai farawa da siririyar murya tana gangarowa. Ya buga bayaninta a 1919, amma sai a 1953 wani ɗalibi a Kambirij, Storey, ya warware sirrinta. Ashe walƙiya ce ta wani ɓangaren duniya, wadda igiyarta ta bi layin maganaɗisun ƙasa ta fita sararin samaniya dubban kilomita ta sauko a ɗaya ɓangaren, masu saurin kaɗawa suka riga masu jinkiri isowa, ƙara guda ta miƙe ta zama shewa.

Daga hannun masu bincike abin ya koma hannun masu fasaha. Alvin Lucier, wani mai tsara sauti Ba'amurke, ya hau duwatsun jihar Kolorado a 1981 da eriyoyin da aka haɗa da hannu, ya kwana yana naɗar ƙarar walƙiyoyin duniya, ya fitar da ita don jama'a su saurara ba tare da ya ɗora mata kiɗa ko waƙa ba. Wadda ta fi shahara a wannan fage kuwa ita ce Christina Kubisch, Bajamushiya haifaffiyar Bremen a 1948, wadda ta karanci busa da tsara sauti, daga baya ta koyi ilmin lantarki a Milan. Ta ƙera abin sawa a kunne mai ɗauke da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe a ciki, bisa ƙa'idar nan ta Faraday, kuma tun daga 2004, farawa da birnin Kolon, inda Muryar Jamus ta daɗe tana watso mana shirye-shiryenta kafin ta koma Bon, take ba mutane aron wannan na'ura tare da taswirar unguwa, su fita yawo a ƙafa. Wanda ya sa ta, titin da ya saba bi kullum sai ya zame masa wani wuri dabam: na'urar cirar kuɗi tana da tata murya, ƙofar kanti mai kama ɓarayi tana bugawa da ƙarfin da ke razana mutum, fitilun talla suna zuzu, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana wucewa a ji shi ba a gan shi ba. Ta kai wannan aiki birane masu yawa a nahiyoyi dabam-dabam, kuma kowane birni da irin amonsa. A Amurka wutar gida tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, a Turai da Nijeriya da Nijar sau 50, saboda haka hatta gurnanin da ke ƙarƙashin dukkan sauran ƙararrakin ya bambanta.

Ina iya kwatanta abin da za a ji da an kawo irin wannan na'ura Babban Mutum, domin kayan da ke haifar da sautin duk muna da su: rumfar mai cajin waya inda caja hamsin ko fiye ke jere a kan allo guda kowace tana tsiwa, janaretan da ke bayan rumfar, inbatar mai sola, taransifoma idan an kawo wuta, babur idan ya wuce tartsatsin fulogonsa yana ƙyasƙyas. Kuma da an bar gari an nausa cikin gonaki, duk wannan zai lafa, a bar mutum da ƙarar walƙiyoyin nesa, waɗanda ba sa yankewa, tun da a kowace daƙiƙa ana walƙiya fiye da sau 40 a faɗin duniya, nahiyarmu kuma tana da babban rabo a ciki. Ita shewar Barkhausen ba kasafai ake samunta a ƙasashenmu ba, ta fi yawa can wajen arewaci da kudancin duniya inda layukan maganaɗisu ke saukowa ƙasa.

Yanzu sai mas'alar da ta sa na ɗauki alƙalami. Mumini zai tambaya, shin wanda ya saurari wannan ya leƙa gaibu ne? In kuwa ya leƙa, ashe bai shiga hurumin da aka hana ba, ko ma ya yi kama da shaiɗanun da Alƙur'ani ya ba da labarin suna hawa sama satar ji ana jifansu da wuta? Irin wannan tsoro ba sabo ba ne, kuma bai kamata a yi wa masu shi dariya ba. An ruwaito cewa a zamanin Sarki Abdul'aziz na Saudiyya waɗansu malaman Najadu sun yi zargin wayar iska aikin aljannu ce, har sai da aka karanta Alƙur'ani ta cikinta suka natsu. A Kano ma, da aka kakkafa lasifikokin rediyo a bainar jama'a a 1944, ba kowane malami ne ya karɓe su hannu biyu ba. Malaman nan suna tsaron iyaka ce da suka ga wajibi ne a tsare, kuma daga baya, da haƙiƙanin abin ya bayyana, sai ga tafsiri yana fita ta Rediyon Kaduna, Shaihu Abubakar Gumi yana karantarwa daga masallacin Sultan Bello ana saurarensa har ƙauyukan bakin iyaka.

Amsar tana cikin rabe-raben da malaman tauhidi suka yi tun da daɗewa. Sun ce gaibu iri biyu ne. Akwai gaibu muɗlaƙi, wanda babu wata hanya ta hissi ko ta hankali da za ta kai bawa gare shi, sai dai labarin da wahayi ya zo da shi: zatin Ubangiji, lokacin tashin Alƙiyama, haƙiƙanin ruhi, halin kabari, mala'iku a surarsu ta asali ga wanda ba annabi ba. Akwai kuma gaibu nisbi, wato abin da ya ɓoyu ga wani ya bayyana ga wani, ko ya ɓoyu jiya ya bayyana yau, kamar abin da ke faruwa a Daura ga mutumin da ke zaune a Baure. Wannan na biyu a haƙiƙa yanki ne na duniyar shahada, ƙarancin gaɓoɓinmu ne kawai ya sa masa hijabi. Igiyoyin rediyo da na walƙiya a nan suke, ba tare da wata shakka ba, domin ana auna su, ana ƙidaya kaɗawarsu, ana haifar da su a kuma tare su, kuma mumini da kafiri idan suka riƙe na'ura guda sakamako guda za su samu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni a kan haka daga ruwa ta fito. Masunta sun san minjirya, kifin da ke girgiza hannun wanda ya kama shi. Akwai kuma wani kifi a kogunanmu, wanda ake ce wa ɗan sarki, mai dogon jiki da siririyar wutsiya. Wani masani a Kambirij, Hans Lissmann, ya bayyana a 1951 cewa wannan kifi yana fitar da wata wuta mai rauni ƙwarai, kimanin sau 300 a daƙiƙa ba hutawa, daga baya kuma aka tabbatar da cewa da ita yake gane abin da ke kewaye da shi cikin ruwa mai laka inda ido ba ya amfani. Idan aka tsoma wayoyi biyu a ruwan aka haɗa su da lasifika, ana jin amonsa. Ashe ke nan abin da ɗan Adam bai sani ba sai da ya yi ƙarni bisa ƙarni yana bincike, wannan kifi a cikinsa yake kwana yake tashi tun ranar da aka halicce shi. Haka ƙudan zuma yana ganin wani launi da ke gaba da iyakar ganinmu, tsuntsaye masu ƙaura kuma suna jin maganaɗisun ƙasa su kama hanya da shi. Abin da ya zama shahada ga kifi ba zai yiwu a ce masa gaibu muɗlaƙi ba. Iyakar abin da za a ce shi ne Mahalicci ya raba ƙofofin ji da gani tsakanin bayinsa, ya ba mu namu gwargwado: kunnenmu daga kaɗawa 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa, idonmu kuma ɗan siririn yanki daga ja zuwa shuɗi mai duhu, sauran duk yana wucewa ba mu sani ba, kamar mai leƙen kasuwa ta hudar zana.

Da wannan ne tsoron farko ya kau, domin mai sauraron walƙiya ta rediyo bai saci jin komai daga sama ba, alama ce ya karanta daga cikin alamomin da aka shimfiɗa wa kowa. Ko batun ruwan sama, wanda ƙarshen Suratu Luƙman ya lissafa cikin abubuwa biyar da saninsu ke wurin Allah, bai sami tangarɗa ba: dattijon nan ya san ana walƙiya a wani wuri, ya kuma yi zato mai ƙarfi bisa al'ada, amma bai san ko a gonarsa za a sauke ko a ta maƙwabcinsa ba, bai san ko ruwan albarka ne ko na ɓarna ba, sau nawa kuma hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin iska ta watsa shi. Sanin abu ta hanyar sababinsa malamai ba su taɓa kiransa da'awar gaibu ba.

Amma wannan rabe-raben da ya kawar da tsoro, shi ne kuma ya rushe hujjar da na fara da ita. Idan sabis na duniyar shahada ne, to, ƙiyasta mala'iku a kansa ƙiyasi ne tare da bambanci, irin wanda malaman usulu ba sa karɓa. Mun yarda da sabis ne domin muna da hanyar jarraba shi a kowace sa'a: ga sandunansa a fuskar waya suna hawa suna sauka, ga lasifikar masallaci tana tona shi, ga injiniya da ma'auninsa. Wannan yarda ba imani ba ce, sani ne na gwaji, babu lada a cikinta, babu kuma wanda aka yaba wa don ya yi ta. A watan Satumba na 2021 hukuma ta sa aka rufe layukan waya a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, mutane suka riƙa tafiya mai nisa, waɗansu suna hawa tudu da itatuwa, don neman inda za su yi kira. Abin da umarnin hukuma yake kashewa ya kuma kunna, yaya za a yi ya zama misalin bayin nan masu daraja waɗanda ba sa saɓa wa Ubangijinsu? Yaron da aka gina imaninsa a kan wannan misali, ranar da ya shiga ajin kimiyya ya ga an auna igiyar an zana ta a allo, yana da haƙƙin ya tambaya ina ma'aunin mala'iku. In aka ce babu, sai ya ga kamar an yaudare shi, alhali tun farko ba a kan ma'auni aka ce ya yi imani ba, a kan gaskiyar Manzon da ya ba da labari ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Manyan malamai ma sun taɓa zamewa a wannan santsi. A tafsirin Manar, na Shaihu Muhammad Abduh da almajirinsa Rashid Rida, an kawo yiwuwar cewa ƙwayoyin cutar da madubin likita ya gano wani nau'i ne na aljannu. Niyyarsu kare addini ce a lokacin da ilmin Turawa ya ruɗa matasa, amma sakamakon shi ne an jawo abin da nassi ya siffanta da hankali da taklifi an mai da shi abin da ake kashewa da allura. Ga kuma wata ɓarna da ta fi kusa da talakawanmu: idan aka saba wa mutane da cewa gaibu wani irin sabis ne, to, an share wa boka da ɗan duba hanya, don shi ma da'awarsa ke nan, cewa yana da abin kamawa wanda sauran mutane ba su da shi.

Iyakar abin da misalin zai iya ɗauka, in an yi adalci, shi ne rabin hujja: rashin gani ba dalilin rashin samuwa ba ne. Wannan kam gaskiya ne, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya kafa shi da misalan zamaninsa a littafinsa Munƙizu, inda ya nuna ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yana ganin tauraro ƙanƙane alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. A Suratul Haƙƙa ma an yi rantsuwa da abin da muke gani da wanda ba mu gani. Mai wa'azi yana iya rushe girman kan wanda ya ce sai abin da ya gani, ya tsaya a nan. Sauran ginin kuwa sai ya koma ga dalilan annabci.

Akwai kuma waɗanda suka karkata ɗaya gefen, masu taushin zuciya, waɗanda idan suka ji an ce ana sauraron walƙiya da taurari, sai su ce ai tasbihin halittu ne aka kamo. Ina girmama wannan shauƙi, don ni ma jikina yakan yi sanyi in na tuna cewa Karl Jansky, injiniyan kamfanin tarho a Amurka, yana neman tushen ƙarar da ke damun layukansu, ya gano a 1932 da 1933 cewa wani kashi nata daga tsakiyar tarin taurarin da muke ciki yake zuwa. Sai dai wajibi ne a lura da abu biyu. Na farko, igiyar kanta ba ta da sauti. Abin da kunne ke ji motsin fatar lasifika ne, wanda na'urar da mutum ya ƙera ta haifar, kuma maƙerinta ne ya zaɓi yankin da za ta kama da wanda za ta bari, shi ya sa na'urori biyu a wuri guda suna iya ba da amo biyu. Na biyu, ayar Suratul Isra'i da ta tabbatar da cewa kowane abu yana tasbihi, fahimtar tasbihin ta kore mana, kuma fahimta ba ta samuwa da ƙarin ƙarfin ji. Aradu, wadda Suratur Ra'adi ta ambaci tasbihinta, tun zamanin Annabi Adamu ake jinta da kunne ba tare da wata na'ura ba, har yau kuma babu wanda ya fahimci abin da take faɗa don ya ji ta da ƙarfi. Wanda ya sa abin Kubisch a kunnensa ya ƙaru da jin wani yanki na halitta, wannan kuwa ni'ima ce da ta cancanci godiya da tafakkuri, amma matsayinsa game da sirrin tasbihi yana nan inda yake.

Wani abin i'itibari a aikin wannan mata, wanda ban cika jin ana ambatonsa ba, shi ne mafi yawan abin da take jiyar da mutane a birane aikin hannun ɗan Adam ne. A cikin shekaru ɗari da 'yan kai mun cika sararin da aka ba mu amana da siginar kuɗi da ta tsaro da ta ciniki, kowace waya tana sanar da ƙarfen sabis inda mai ita yake ko yana barci, kuma jama'a ba su san ana yi ba, balle a nemi yardarsu. Har ta kai masu son jin walƙiya tsantsa sai sun yi nisa da wayoyin wuta kafin su same ta. Ƙauyukan ƙasar Daura, waɗanda ake ganin an bar su a baya wajen lantarki, suna da wannan sarari mai tsabta da masu bincike a Turai ke tafiya mai tsawo suna nema.

Saboda haka nake ganin malamin kimiyya da malamin tauhidi a makarantunmu suna da darasi guda da za su iya bayarwa tare, kuma kayansa ba su fi ƙarfin kowa ba. Mai gyaran rediyo a kasuwa zai iya ciro kwayil daga tsohuwar taransifomar rediyo, ya haɗa shi da ƙaramar amfilifaya mai batir da abin sawa a kunne. Da wannan kaɗai yara za su ji caja da fitila da agogon bango kowanne da muryarsa. Don walƙiya kuwa rediyo mai matsakaicin zango ta isa, a murɗa ta zuwa inda babu tasha, a fita bayan gari nesa da janareta da wayar wuta, a watannin Yuli da Agusta. Malamin kimiyya ya bayyana musu sababi, ya sa su ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin ƙarar rediyo da isowar rugugi, kowace daƙiƙa uku kilomita guda. Malamin tauhidi kuma ya nuna musu cewa duk abin da suka ji yana cikin shahada, ya karantar da su rabe-raben gaibu da dalilin da ya sa ake karɓar labarinsa daga Manzo. Sharaɗi guda ne ba a sassauta shi: a yi wannan tun hadari yana nesa, kuma da zarar tazarar walƙiya da rugugi ta gaza daƙiƙa 30, a naɗe eriya a mai da yara cikin ɗaki, kada a fake a gindin itace, domin tsawa tana kashe mutane da dabbobi a gonakin ƙasar nan kusan kowace damina.